Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Yoyo

Yau maganarmu a kan taimako ce, da yadda zai ɗore.

Mu mutanen Wurno da Rabah da Goronyo mun san gayya tun kaka da kakanni. In gona ta fi ƙarfin mai ita, sai mu taru mu nome.

Amma sau da yawa masu kawo taimako su kan yanke shawara tun daga ofis. Su haƙa rijiya inda ba mu zaɓa ba, su tafi. Ran da famfo ya lalace, kowa ya ce ba nasa ba ne.

Shirin Fadama na uku, wanda gwamnati ta fara da rancen Bankin Duniya a 2009, ya bi wata hanya. Manoman rani da makiyaya da masunta da mata suka kafa ƙungiyoyi. Su da kansu suka faɗi bukatarsu, ko injin ban ruwan albasa, ko gyaran hanya, suka kuma biya wani kaso na kuɗin. Wanda ya sa guminsa a abu ba ya barinsa ya lalace.

To, a nan karatu ya shigo. Kowace ƙungiya sai da magatakarda da ma'aji. In ba mu iya karanta littafin kuɗi ba, mutum ɗaya zai riƙe shi, mu kuwa mu dangwala hannu ba mu san abin da muka amince da shi ba.

Saboda haka kada mu fasa zuwa aji. Allah ya taimake mu, amin.