Jawabi Ga 'Yan Kasuwarmu Na Agege Kan Lambar Kaya

 

Maganata yau a kan waɗansu kalmomin Turanci ce, waɗanda akawu da lauyoyin Ikko ke jefa mana, mu kuwa mu tattara su duka mu ce "lamba". Wannan tattarawa tana cin dukiyar mutane.

Mu fara da brand. Asalinta ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kasuwar shanu ta Oko-Oba: lalas ne, watau shaidar da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi don a san mai ita. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, ta zama sunan da kaya suka yi a bakin jama'a da amincin da aka ba su. Uwargida ta aiki yaro ya sayo Omo ko Maggi, alhali kowane garin sabulu da kowane ɗanɗanon miya take nufi. To, wannan shi ne brand. Babu ofishin da ke ba da shi, shekaru ne da riƙon amana ke kawo shi.

Logo zanen tambari ne kawai. Da shi iyayenmu da ba su yi boko ba suka riƙa gane kaya, har suka raɗa wa wata taba "mai zobe". Label kuwa ita ce takardar da ke manne jikin kwalba ko leda.

Inda nake so ku kasa kunne shi ne trademark. Ita ce alamar da doka ta sani, suna ne ko zane, wadda aka yi wa rajista a ofishin alamomin kasuwanci na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya a Abuja, bisa dokar 1965. Rajistar farko shekara 7 ce, sa'an nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Ga kuskuren da yawancinmu ke yi. Mutum ya fara ƙulla kilishi ko yaji a leda, ya je hukumar CAC ya yi rajistar sunan sana'arsa, ya rataye takardar a shago, ya ce ya gama. Bai gama ba. Wancan business name ne, sunan da kake ciniki da shi, ba shi ne rajistar alamar da ke kan ledarka ba. Lambar NAFDAC ma, hukumar da aka kafa a 1993, shaida ce ta cewa an yi wa kayan rajista, ba ta mallakar zane ba.

Ran da wani ya riga ka rajistar alamar, shi ke riƙe da takarda, kai kuwa sai ka nemo rasidai da shaidu ka nuna wa kotu ka riga shi amfani da ita. Sau da yawa kuɗin lauya kan fi ribar kilishin shekara.

Saboda haka in akawu ya ce ya yi muku rajista, ku karɓi takardar ku dubi ofishin da ya buga mata hatimi. Wassalam.