Ku Zaɓi Mutanen da Kuka San Halinsu

 Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6, aya 1 zuwa 6.

An yi gunaguni a ikilisiyar Urushalima. Masu jin Helenanci suka ce ana mantawa da gwaurayensu mata wurin rabon abinci. Manzanni ba su naɗa ƙannensu ko surukansu ba. Sai suka tara jama'a, suka bar musu zaɓen mutum bakwai waɗanda aka shaidi halinsu. Ku lura, sunayen bakwai ɗin duka na Helenanci ne. Ga alama waɗanda suka kawo kuka aka danƙa wa amanar rabon.

'Yan'uwa, irin wannan rabo shi ne aikin kansila da ciyaman a wurinmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗejiya ta sāke. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya nutse. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa, ta rushe gidaje a Haɗejiya da Auyo da Kiri Kasamma, ba ta kuwa tambayi addinin kowa ba. To, wa ya san inda jinga ta yi rauni? In kayan agaji sun iso, wa yake rubuta sunaye? Mutumin mazaɓarku ne, wanda kuke gamuwa da shi a kasuwa.

Na san abin da wasunku za su ce: "Fasto, mu 'yan kaɗan ne a nan, kuma ana gama zaɓe tun kafin a buɗe akwati." Maganar tana da nauyi. A zaɓen Oktoba 2024 jam'iyya ɗaya ce ta kwashe kujerun ciyaman 27 na Jigawa duka. Amma a watan Yuli na shekarar nan ɗin, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna kuma ba shi da ikon ɗora kantoma a kujerar zaɓaɓɓe. Hukunci a takarda yake kwance, sai an sami masu tambaya yake tashi. Dattawa za su tuna Disamba 1990, muna Jihar Kano tukuna, lokacin da aka yi layi a fili a gaban idon kowa. Ba su ɓuya ba.

Saboda haka ka karɓi katinka. Ka je taron mazaɓa tun ba a tsai da ɗan takara ba, gama a nan ake dafa abin da za a ci ranar zaɓe. Ka tafi tare da maƙwabcinka Musulmi, ku tambayi mai neman kujera me zai yi da kachalla da jinga kafin damina. Uwata, in an kawo miki taliya da sabulu, ki tuna sabulun zai ƙare cikin mako guda.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba Haɗejiya da ƙauyukan bakin kogi shugabanni masu tsoronka, waɗanda ba za su manta da gwauruwa ranar rabo ba. Cikin sunan Yesu, amin.