Sawakin: Tsibirin da Alhazanmu na Da Suka Bi



Jawabinmu na yau a kan wani ɗan tsibiri ne da ke gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Sudan, wato Sawakin. Da yawa daga cikinmu mun ji sunan a bakin kakanninmu. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci kan taso daga ƙasar Hausa ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, yana tafe yana ƙwadago, wani sai ya shekara biyu ko fiye, sannan ya iso nan ya jira jirgin ruwan Jidda. Waɗansu ba su koma gida ba, zuriyarsu na Sudan har yau.

Matafiyin da ya tashi daga Port Sudan zai yi kimanin kilomita 60 kudu kafin ya isa. Tsibirin kewayayye ne, ƙarami ƙwarai, wata 'yar hanya da aka cike a shekarun 1870 ce ta haɗa shi da tudu. A bakin ruwa zai tarar da masunta da ƙananan jiragensu, da rumfunan da ake soya kifin da aka kamo, ga kuliyoyi birjik. Masu hikaya ma cewa suke wai a nan Annabi Sulaiman ya tsare aljannu. Wannan kam sai dai a saurara a yi murmushi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne gine-ginen. Da dutsen murjani aka yi su, wanda aka haƙo daga teku, benaye masu hawa biyu da uku, da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohon birnin Jidda. To amma murjani dutse ne mai burtuntuna, ba ya jure iskar gishiri sai ana shafe shi da farar ƙasa a kai a kai. Da Turawan Ingila suka soma gina tashar Port Sudan a 1905, saboda mashigin Sawakin ya yi wa manyan jirage ƙunci, sai fatake suka kwashe ya nasu ya nasu. Ba yaƙi ne ya ci garin ba. Masu gidaje sun koma birni, ba mai yin shafe, bango ya yi ta zubewa. Mu da muka bar soraye da zaurukan iyaye a gida ba yaɓe, ba sai an fassara mana wannan ba.

A 1991 aka buɗe sabuwar tasha mai sunan Usman Digna, jiragen fasinja suka koma zirga-zirga zuwa Jidda. Turkawa sun gyara masallatai biyu na tsibirin, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, kuma a 2017 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar farfaɗo da sauran. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa ziyara ta yi wuya matuƙa. Allah Ya kawo musu zaman lafiya, amin.