Mu Koya wa Yaranmu Zane Daki-daki

(Jawabin kwamitin tarbiyyar yara a taron ƙungiyarmu na Arlit da Akokan)

  

Kun ɗora mana nauyin mu duba abin da za a yi wa yaranmu ranakun da babu lakwal. Mun zauna, mun yi shawara, ga abin da muka kawo: a koya musu zane. Mun san wani zai ce, ana maganar abinci, su suna maganar wasan yara. To, a ba mu aron kunne kaɗan.

Dukanmu mun san abin da ya kawo mu nan. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a ramin Akuta a 1978. Iyayenmu suka baro gona suka biyo hanyar Tawa da Agadas. Amma ran 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akuta. Rami yana da iyaka, abin da ke hannun mutum kuwa da shi yake tafiya duk inda ya sa gaba. Ku dubi waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu bayan rufewar: magina, kafintoci, masu walda, teloli, masu gyaran lantarki. Kowanne daga cikinsu da zane yake farawa. Mai walda ba ya yanka ƙarfen ƙofa sai ya zana ta a ƙasa. Tela ba ya sa almakashi sai ya bi yadi da alli. A cikin kamfani ma, wanda ya iya karanta zanen inji ya sha gaban wanda bai iya ba.

Zane kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai raƙuman dawa guda biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. Babban ya fi mita 5 tsawo, kuma a kewayen wurin an ƙirga zane fiye da 800. Maƙeran Abzinawa suna zana ado a azurfa. Maginan Damagaram suna yi wa fuskar gida ado da dagi. Iyayenmu mata suna zanen ƙwarya, almajiri kuma in ya sauke Alƙur'ani ana yi wa allonsa zayyana. Duk waɗannan ba wanda aka haifa da iyawa. A gaban wani suka durƙusa, aka nuna musu kaɗan-kaɗan.

Ga yadda muke so darasin ya tafi.

Mataki na farko, layi. Yaro ya ja miƙaƙƙen layi da yatsa a rairayi, a tsaye, a kwance, a karkace. Ya yi ta yi har hannu ya daina rawa. Rairayi bai da tsada, in an ɓata a share.

Na biyu, siffofi. A kafa turke, a ɗaura igiya, a kewaya, kamar yadda ake fitar da gindin rumbu a gida. Ga da'ira ta fito. Sai mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu.

Na uku, haɗa siffofi. A nan ne mai koyarwa zai ja layi ɗaya a allo, ya tsaya, yara su ja nasu, sannan ya ƙara na biyu. Tulu da'ira ce da ɗan wuya a kai. Rumbu tulu ne babba da hula. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda tsawonta ya kai mita 27, layi biyu ne masu matsowa kusa da juna yayin da suke hawa, sai a jera itatuwan da suka fito a jikinta. Yaron da ya ce ba zai iya ba, in ya ga abin ya rabu gunduwa-gunduwa, tsoro ya fita.

Na huɗu, awo da ido. A ajiye buta a gaban yara. Kowa ya miƙe hannu da alƙalami, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawonta da faɗinta da babban yatsa. Daga nan ya daina zana butar da ke cikin kansa, ya koma zana wadda ke gabansa.

Na biyar, ƙara girma. A raba ƙaramin zane gida-gida, a raba babbar takarda gida-gida daidai da shi, a kwashe abin da ke kowane gida. Haka masu rubuta allon shago suke yi.

Na shida, taswira. Yaro ya zana gidansu kamar yana kallonsa daga sama, santimita 1 a takarda ta tsaya a madadin mita 1 a ƙasa. Wanda ya iya wannan ya taka ƙofar aikin gini. Muna roƙon dattawa su zo wannan darasi, su faɗa wa yaran da aka haifa a nan inda rijiyar garinmu take, da masallaci, da kasuwa, da hanyar gona, su kuma su zana. Da yawansu ba su taɓa ganin gida ba.

Akwai gargaɗi ga masu koyarwa. Bin malami layi-layi tsani ne kawai. In aka tsaya nan, za a sami yara 20 da tulu iri ɗaya, ba wanda ya iya zana na ɗakin uwarsa. Don haka a ƙarshen kowane zama a bar su su zana abin da ransu ke so. Kada malami ya gyara a kan takardar yaro, ya nuna a tasa. Ba bulala, ba dariya. A riƙa ajiye zanen kowane yaro da kwanan wata, don ya ga ci gabansa da idonsa.

Wasu iyayenmu sun tambaya game da addini, kuma tambaya ce mai kyau. Malamai sun yi magana a kan surar abu mai rai. Amma itace, da gida, da tukunya, da taswira, da ado irin na zayyana, ba a hana su ba. A kansu muka gina matakan nan shida. Abin da ya wuce haka, kowane uba ya tambayi malaminsa.

Sai maganar lafiya. Masu bincike da suka zo a 2003 da 2009 sun sami tsofaffin ƙarafa a kasuwa da wasu wurare a titunan Akokan masu fitar da tururin yuraniyom fiye da kima. Saboda haka ba za mu yi allo da ƙarfen da ba mu san asalinsa ba, ba kuma za mu ɗebo rairayi kusa da tulin ƙasar rami ba. Katako da kwali sun ishe mu. Yara su wanke hannu kafin su ci abinci.

Abin da muke nema kaɗan ne. Rumfa ɗaya a Arlit, ɗaya a Akokan. Awa ɗaya ranar Asabar bayan la'asar. Kowane gida ya ba da dala 20 a wata don alli da takarda, wanda ba shi da hali yaronsa ya zo haka nan. Muna so magini ɗaya, da tela ɗaya, da mai walda ɗaya, da mushen lakwal ɗaya su ba da sunansu yau. Ƴan mata su zo tare da maza, kuma mace ta zauna da su. Bayan wata uku za mu rataye zanen a wurin taro, kowa ya gani, domin gani ya kori ji. In abin ya karɓu, a aika da kofen darasin gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.