Melatonin Baya ga Barci: Abin da Gwaji Ya Nuna da Abin da Ake Zato

Melatonin sinadari ne da wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar shinkafa, wadda ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, take fitarwa idan duhu ya shiga, sannan ta rage fitar da shi da ketowar alfijir, kuma da wannan hawa da sauka ne jiki yake bambance dare da rana. Likitan fata Aaron Lerner na Jami'ar Yale a Amurka ne ya fara tace shi daga ƙwaƙwalwar shanu a 1958. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da Russel Reiter da abokan aikinsa suka nuna cewa yana kashe kaifin wasu ɓurɓushin sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta, masu natirofati, wato tsarin jinya da ke dogara da abinci da tsirrai da sinadaran da jiki ya riga ya sani, suka shiga ba da shi ga cututtukan da ba ruwansu da rashin barci.

Wasu daga cikin waɗannan amfanoni suna da madogara. Gwaje-gwaje da dama sun nuna yana rage fargabar mai jiran tiyata, kuma wani gwaji da aka buga daga Burazil a 2016 ya gano cewa miligiram 3 kowane dare yana rage yawan tashin ciwon ɓarin kai. Zancen sankara kuwa ya sha bamban, domin ko da yake Paolo Lissoni na Italiya ya daɗe yana ba da rahoton sakamako mai daɗin ji, babban gwajin da aka buga daga Kanada a 2021, a kan mutum 709 da aka yi wa tiyatar sankarar huhu, bai ga miligiram 20 ya hana cutar dawowa cikin shekaru biyu ba. Abin yabo a nan shi ne, jagoran gwajin, Dugald Seely, shi kansa ɗan natirofati ne, kuma bai ɓoye abin da ya gani ba.

Ga al'ummar Birnin Tudu da Bakura da Talata Mafara da Maradun, wurin da maganar ta fi nauyi shi ne gubar dalma. A 2010 yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon daka da niƙan duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, inda ƙurar ta bi abinci da hannun masu rarrafe. Gaskiya ne an gwada melatonin a jikin ɓerayen da aka ɗura wa dalma, aka kuma ga ɓarnar hanta da ƙoda ta ragu, amma rage ɓarna daban, fitar da guba daban. Abin da ya ceci yaran Dareta da Bagega, biyu daga cikin ƙauyukan, shi ne maganin DMSA da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba su, wanda yake kama dalmar a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, tare da kwashe gurɓatacciyar ƙasar tsakar gida a zuba mai tsabta. Uban da aka ruɗa da ƙwayar melatonin har ya jinkirta gwajin jinin ɗansa ya bar dalma tana cin ƙwaƙwalwar yaron, ɓarnar da sau da yawa ba ta gyaruwa.

Haka lamarin yake game da zazzaɓin cizon sauro, wanda mazauna bakin magudanun madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, suka san shi fiye da kowa. Binciken Célia Garcia na Jami'ar São Paulo a 2000 ya nuna cewa ƙwayar cutar tana iya bin melatonin ɗin jikin da ta shiga wajen daidaita lokacin hayayyafarta a cikin jini, shi ya sa masanan suka karkata ga neman hanyar toshe wannan saƙo, ba ƙara shi ba.

Akwai kuma matsalar kwalbar kanta. A Ingila sai da takardar likita ake samunsa, alhali a Amurka ana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci, ba tare da tsauraran sharuɗɗan da ake gindaya wa magani ba. Masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna nau'i 31 a 2017, suka tarar wani ya gaza abin da aka rubuta a jikinsa da kashi 83 cikin ɗari, wani ya zarce da kashi 478, kimanin rubu'insu kuma da serotonin a ciki, sinadarin da ba a ambata ba ko kaɗan. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, duk ana shawartarsu da kada su sha sai likita ya amince.