Amsoshin Wasiƙunku: Wayar ce ko yaron?

Wasiƙarmu ta yau daga wani dillalin hatsi ce a kasuwar Dawanau. Ya ce ɗansa ya haɗa masa manhajar waya don rubuta bashin masara da gero. A wayar yaron komai tsaf, amma a tasa maɓallin "ajiye" ɓacewa yake yi, har bashin buhu 12 bai shiga lissafi ba. Yana tambaya, wayar ce ko yaron?

To Alhaji, wayarka lafiyarta lau. Kira yaron ya matso kusa.

Yaro, abin da ka yi shi ne aikin telan da ya ɗinka wa kowa riga da awon jikinsa. Fuskar wayarka doguwa ce, ta Baba gajera. Da zarar allon haruffa ya taso, sai ya cinye wajen rabin fuskar, maɓallin ya shige ƙarƙashinsa. Maganin shi ne ka sa shafin ya riƙa jawuwa sama da ƙasa. Kuma ka daina awo da ɗigon fuska, domin yawansu ya bambanta daga waya zuwa waya. Android na da ma'auninsa: dp don girman abubuwa, sp don rubutu. Amfanin sp, in dattijo ya ƙara girman rubutu a wayarsa, naka ma zai bi. To ka bar masa fili, kada layi ya hau kan layi.

Sai girman wurin dannawa, wanda ni ya fi damuna. Google ya ce kada ya gaza dp 48 tsawo da faɗi, kimanin milimita 9 ke nan. Ka dubi yatsan wanda ya yi shekara 30 yana riƙe da fartanya. In ka manna "goge" jikin "ajiye", wallahi wata rana sai ya share bashin mutum. Raba su.

Ka kuma duba ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa daidai. Rubutu mai ruwan toka a kan fari kuwa, ba a ganinsa cikin ranar kasuwa.

In ka gyara, ka gwada a wayar Baba, da yatsan Baba, da tsakar rana. Kafin nan Alhaji, kada ka ajiye littafinka na bashi tukuna.