Haƙƙin mai fasaha da zaɓen lauya



Waƙa da littafi dukiya ce, kamar gona ko rumfar kasuwa. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne ta 1886 da ta Bangui ta 1977. A ƙa'idar Berne, haƙƙin mai aiki yana tabbata tun ranar da ya ƙago shi, ko bai yi rajista ba. Amma gaban alƙali sheda ake nema. Saboda haka ku kai ayyukanku ofishin BNDA a Yamai, a rubuta sunanku da kwanan wata.

In za ku ɗauki lauya, ku tabbatar sunansa yana cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa. Ku tambaye shi ko ya taɓa riƙe shari'ar haƙƙin fasaha, domin gwanin rikicin fili ba lalle ne ya san wannan fage ba. Ku yanke ladansa a rubuce tun farko.

Kada ku sa hannu kan takardar ɗan kasuwa sai lauya ya fayyace muku: aro ne na shekaru kaza, ko sayarwa ce baki ɗaya? Wanda ya sayar da gonarsa bisa rashin sani, 'ya'yansa ke kwana da yunwa.